UNGUWAR SINAWA A SAN FARANSISKO: TABO NE AKA SHAFA WA FENTI

Akwai wata magana da 'yan koren Amurka ke yawan jefa wa mutum a duk lokacin da aka taɓo tarihin uwargijiyarsu. Sai ka ji sun ce wai ai ƙasa ce da ta buɗe ƙofarta ga kowa, wai ka duba birnin San Faransisko ka gani, ga unguwa guda sukutum ta Sinawa, da jajayen fitilunsu, da rubutunsu a jikin shaguna, da bikin sabuwar shekararsu wanda har tituna ake rufewa dominsa, babu mai ce musu kanzil. Hoton ƙofar nan mai koren rufi da ke bakin titin Grant ya zame musu hujja. To, ɗan uwa mai karatu, yau za mu bi su har can, mu tambayi ita unguwar da kanta yadda aka yi ta samu. Domin dai jama'a ba sa cushe kansu a 'yan layuka ashirin da 'yan kai na tsawon shekara ɗari don sha'awa kawai.

Bari mu fara da wanda kowane matashi ya sani, wato Burus Li na finafinan faɗa. A cikin wannan unguwa aka haife shi ranar 27 ga Nuwamba, 1940, a wani asibiti da ake kira Asibitin Sinawa a titin Jackson. Abin tambaya a nan shi ne, me ya sa a birni mai tarin asibitoci sai da Sinawa suka gina nasu? Amsa ita ce asibitocin Turawa sun daɗe suna juya musu baya, duk da cewa suna biyan haraji kamar kowa. Sai ƙungiyoyinsu suka yi karo-karo suka buɗe wannan asibiti a 1925. Kuma a ranar da aka haifi Burus Li akwai doka a rubuce da ta haramta wa leburori Sinawa shiga Amurka, ta kuma haramta wa Basinen da aka haifa a waje zama ɗan ƙasa ko da zai shekara hamsin a cikinta.

Asalin zuwansu ma ba daɗi ne ya fito da su ba. Yawancinsu manoma ne daga lardin Guangdong a kudancin Sin, musamman yankin Taishan. Ingila ta yaƙi ƙasarsu daga 1839 zuwa 1842 saboda hukumar Sin ta hana fataken Ingila sayar wa jama'arta ƙwayar ofiyom, ta ci su da yaƙi, ta ƙwace Hon Kon, ta ɗora musu tara. Ana wata ga wata, sai yaƙin basasar Taiping ya ɓarke a 1850, ya laƙume rayukan miliyoyin mutane. A cikin wannan hali ne labari ya iso cewa an samu zinare a Kalifoniya a 1848. Suka raɗa wa wurin suna Dutsen Zinare, matasa suka ci bashin kuɗin jirgin ruwa suka tafi. A 1852 kaɗai kimanin dubu 20 suka sauka a San Faransisko.

A shekarar ce kuma majalisar Kalifoniya ta ɗora harajin dala uku a wata a kan baƙi masu haƙar zinare, kowa kuma ya san su wa ake nufi. Bayan shekara biyu sai aka yi wadda ta fi wannan muni. Wani Bature mai suna George Hall ya kashe wani Basine mai suna Ling Sing, Sinawa suka ba da shaida, aka same shi da laifi. Da aka ɗaukaka ƙara, sai Kotun Ƙolin Kalifoniya ta yanke a 1854 cewa ba a karɓar shaidar Basine a kan farar fata, kamar yadda ba a karɓar ta baƙar fata da ta 'yan asalin ƙasar. Aka rushe hukuncin. Ka yi tunani, ɗan uwa, me wannan ke nufi ga mutumin da ke zaune a daji da 'yar jakar zinarensa? Yana nufin duk wanda ya ga dama ya yi masa fashi ko ya harbe shi, in dai 'yan uwansa ne kaɗai suka gani, to ya ci bulus. Wannan ne ya fara tura su cikin birni su dunƙule wuri guda, inda aƙalla in an kawo hari za a same su da yawa.

Sai batun layin dogo. Leland Stanford, a jawabinsa na kama mulki a matsayin gwamnan Kalifoniya a 1862, ya bayyana Sinawa a matsayin ƙasƙantaccen jinsi da ya kamata a hana su zama a jihar. Bayan shekara uku, kamfaninsa na Central Pacific ya rasa Turawan da za su jure fasa duwatsun Sierra Nevada, sai ga shi yana ɗaukar waɗannan "ƙasƙantattu" dubu-dubu, har suka zama kusan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na ma'aikatansa. Su suka riƙa huda dutse da nakiya a cikin dusar ƙanƙara, a biya su ƙasa da Bature, kuma su ciyar da kansu alhali shi Bature kamfani ke ba shi abinci. A watan Yunin 1867 dubbai daga cikinsu suka shiga yajin aiki suna neman a daidaita albashi. Abokin Stanford, Charles Crocker, bai yi wata-wata ba, ya datse hanyar da ake kai musu abinci a kan dutse, cikin mako guda yunwa ta mayar da su bakin aiki. Ranar 10 ga Mayu, 1869, aka haɗa layin gabas da na yamma a Promontory ta jihar Utah, aka ɗauki hoton nan da ke cikin littattafan makarantunsu, Turawa sun cika shi maƙil da kwalabe a hannu, da ƙyar za ka nuna Basine ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da dukiyar wannan layi Stanford ya gina jami'ar da ke ɗauke da sunan gidansa, wadda 'yan bokonmu ke ambata da rawar baki.

Da aiki ya ƙare, tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1870, sai aka nemi wanda za a ɗora wa laifi. A Los Anjalas, ranar 24 ga Oktoba, 1871, gungun mutane suka kashe Sinawa kimanin 18, mafi yawansu ta hanyar rataya. An ɗaure mutum takwas, daga baya kotu ta sake su bisa wata 'yar tangarɗa a takardar tuhuma. A San Faransisko an yi kwana uku ana ƙona shagunan wankinsu a Yulin 1877. Wanda ya zama jagoran masu ihun a kore su, Denis Kearney, shi kansa baƙo ne da ya zo daga Ailan. A Rock Springs ta Wyoming aka kashe 28 a Satumbar 1885, ba a hukunta ko mutum ɗaya ba. Da yawa daga cikin waɗanda aka kora daga garuruwa suka gudo San Faransisko, unguwa ta ƙara cika.

Su kuwa mahukuntan birnin, nasu salon na dokoki ne. A 1870 suka hana ɗaukar kaya a sanda a kafaɗa a gefen titi, domin haka Sinawa ke tallar kayan miya da kai wanki. A shekarar suka kafa wata doka da ta ce dole kowane mai kwana a ɗaki ya samu sararin da ya kai kusan ƙafa takwas ta kowace fuska, wai don lafiya. An hana mutum haya a wajen unguwarsa, sannan a bi shi cikin dare a kama shi saboda cunkoso! A daki mutum a hana shi kuka ke nan. Sinawa suka ƙi biyan tara, suka ce a kai su kurkuku, suka cika shi har ita hukumar ta zama tana karya dokarta da kanta. Don a karya musu gwiwa sai aka ce duk fursunan da ya shigo a aske masa kai, alhali an san doguwar jelar gashin nan wajibi ce a kan kowane namiji a ƙarƙashin sarakunan Qing, wanda aka yanke wa tasa ya wulaƙanta kuma komawa gida ta zame masa haɗari. Wani mai suna Ho Ah Kow ya kai shugaban 'yan dokar birnin ƙara, ya kuma yi nasara a 1879.

Ranar 6 ga Mayu, 1882, Shugaba Chester Arthur ya sa hannu a dokar hana leburori Sinawa shigowa. Wannan ce babbar dokar shige da fice ta farko a tarihin Amurka da ta ambaci wata al'umma da sunanta ta rufe mata ƙofa. An ce ta shekara goma ce, aka yi ta sabunta ta, sai da ta shekara 61. Lura da kyau, gunkin nan na mace mai riƙe da fitila da ke bakin tekun Niyok, wanda suke kira gunkin 'yanci, a 1886 aka buɗe shi, shekara huɗu bayan wannan doka, shekara guda bayan kisan Rock Springs. Tun 1875 wata dokar ta riga ta toshe wa mata hanya bisa zargin cewa karuwanci ke kawo su, daga 1880 kuma Kalifoniya ta hana aure tsakanin Basine da farar fata. Sakamakon haka, a ƙidayar 1890 maza kusan 27 ne ga mace ɗaya. Yawansu a ƙasar ya faɗo daga kimanin dubu 107 a 1890 zuwa dubu 61 a 1920. Manufar a fili take, a bar su su tsufa gwauraye su mutu babu magaji.

A nan ne mai kare Amurka zai miƙe ya ce to ai unguwar ta cika da gidajen shan ofiyom, da caca, da ƙungiyoyin 'yan daba da ake kira tong masu sarar juna da gatari, da sayar da 'yan mata. Haka ne, duk an yi, ba mu ɓoye ba. Amma sai mu tambaye shi, wa ya shigar da ofiyom ƙasar Sin da bakin igwa? Wa ya tara dubban maza a wuri guda ya hana matansu zuwa? Su wa ke da mafi yawan filayen unguwar suna karɓar haya? Turawa ne. Laifi tudu ne, taka naka ka hango na wani.

Akwai kuma wata ƙarya ta biyu wadda ta fi ta farko haɗari ga matashi, ita ce cewa wai Sinawa sun ci gaba ne saboda sun yi shiru sun sunkuyar da kai sun kama aiki. A Disambar 1966, shekara guda bayan boren baƙar fata na Watts, mujallar U.S. News & World Report ta buga wani rubutu tana yabon Sinawa a kan haka, tana gugar zana ga baƙar fata masu neman haƙƙinsu. Tarihi ya ƙaryata ta. Mutanen wannan unguwa sun shirya kansu tun da wuri a ƙungiyoyi bisa dangi da gundumar asali. Baƙo in ya sauka daga jirgi su ke tarbarsa, su ba shi makwanci, su nema masa aiki, su sasanta rigimarsa, in ya mutu kuma bayan wasu shekaru a haƙo ƙasusuwansa a aika ta Hon Kon zuwa ƙauyensu. Haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu, wadda Turawa ke kira Kamfanoni Shida, ta riƙa ɗaukar manyan lauyoyi da kuɗin karo-karo, aka shigar da dubban ƙararraki.

Duba shari'ar masu wanki. Birnin ya kafa doka cewa ba a wanki da guga a ginin katako sai da izini, alhali kusan duk shagunan wanki na katako ne. Sinawa kimanin 200 suka nemi izini aka hana kusan dukkansu, Turawan da suka nema aka ba su in ban da mutum guda. Mai shagon Yick Wo ya ci gaba da aikinsa, aka ɗaure shi, magana ta kai Kotun Ƙolin Amurka, ta yanke a 1886 cewa doka ko da ta yi kyau a takarda, in ana aiwatar da ita da son kai to ta saɓa wa tsarin mulki. Baƙar fata da sauran raunana sun riƙa kafa hujja da wannan hukunci a shari'o'insu na baya. A 1885 iyayen wata yarinya 'yar shekara takwas, Mamie Tape, suka ci nasara a kotu kan hana ta shiga makarantar gwamnati, sai hukuma ta yi maza ta buɗe wa Sinawa makaranta daban don dai kada ta zauna da 'ya'yan Turawa. Da aka kafa dokar 1892 da ta tilasta wa kowane lebura Basine yawo da takardar shaida, wanda aka kama babu ita a ɗaure shi a kore shi, Kamfanoni Shida suka ce kada kowa ya yi rajista, kowa kuma ya kawo dala ɗaya ta lauya. Kaɗan ne suka yi rajista kafin wa'adi. Sun faɗi a Kotun Ƙoli a 1893, amma wa zai kira wannan shiru? A 1900 da annoba ta ɓulla, hukuma ta zagaye unguwar da igiya, tana lanƙwasa ta don ta bar shagunan Turawa a waje, yayin da gwamna Henry Gage ke rantsuwa babu wata annoba don kada ciniki ya tsaya. Wani ɗan tireda mai suna Jew Ho ya garzaya kotu, alƙali ya sa aka kwance igiyar.

Yanzu mu zo kan rufin nan mai hawa-hawa da ake ɗaukar hoto. Ranar 18 ga Afrilu, 1906, girgizar ƙasa da gobara suka shafe unguwar ƙurmus. Tun toka ba ta huce ba manyan gari suka kafa kwamiti don mayar da Sinawa can Hunters Point, kusa da mahautar birni, su mallake wannan fili mai tsada. Abin da ya hana su ba tausayi ba ne. Gwamnatin Sin ta nuna ɓacin ranta, attajiran Sinawa suka ce za su kwashe cinikinsu zuwa wata tashar jirgin ruwa, masu filaye Turawa suka tuna da kuɗin hayarsu. Sai wani attajiri, Look Tin Eli, wanda aka haifa a Kalifoniya, ya ga cewa hanyar tsira ita ce a mai da unguwar abin kallo mai kawo wa birni kuɗi. Shi da wasu suka ɗauko Turawa masu zanen gini, T. Paterson Ross da A. W. Burgren, suka ɗora wa shagunan Sing Chong da Sing Fat rufi irin na hasumiyar ɗakin bauta. A ƙasar Sin ba a ɗora wa kanti irin wannan hasumiya. Kafin gobarar gine-ginen unguwar na bulo ne irin na sauran birni. Ita kuwa ƙofar da muka ambata da farko sai a 1970 aka buɗe ta. Hatta ɗan biskit ɗin nan mai takardar duba a ciki da ake ba baƙi bayan cin abinci, Sinawan Sin ba su san shi ba, masu bincike sun fi danganta asalinsa da Japanawa. Ashe abin da ake nuna mana a matsayin shaidar karimci, sulke ne mutane suka ƙera don kada a sake korarsu.

Rayuwar unguwar ta gaskiya tana layi na gaba, a titin Stockton, inda tsofaffi mata ke taya kifi mai rai da ganye da harshen Kanton, da dandalin Portsmouth inda dattawa ke wuni suna karta da darar Sinawa. Tana kuma saman shaguna, inda har yau iyalai ke zaune miji da mata da 'ya'ya a ɗaki guda, bene guda na raba makewayi da madafa, a birnin da ke cikin mafi tsadar haya a Amurka. Ba kuma Bature kaɗai ke tatsar talakan unguwar ba. A 1938 mata teloli Sinawa sun yi yajin aiki fiye da wata uku a kan kamfanin National Dollar Stores, wanda mai shi Basine ne ɗan uwansu.

Gobarar 1906 ta ƙone takardun haihuwa na birnin, sai maza da yawa suka ce a nan aka haife su, suka riƙa shigo da yara a matsayin 'ya'yansu, wasu na gaske wasu na takarda. Gwamnati ta buɗe sansanin tsibirin Angel daga 1910 zuwa 1940. A tsibirin Ellis na Niyok yawancin Turawa awoyi kawai suke yi su wuce. A Angel kuwa ana tsare Basine makonni ko watanni, wasu har kusan shekara biyu, ana tambayarsa tagogi nawa ne a gidansu, ina ake ajiye tulun shinkafa, a gwada da amsar mahaifinsa. Tsararrun sun sassaƙa waƙoƙi a bangon katako, hukuma ta yi ta shafe su da fenti, sai a 1970 wani ma'aikacin gandun gwamnati ya ankara da su ana shirin rushe ginin.

An soke dokar a 1943, lokacin da Sin ta zama abokiyar yaƙi kuma Japan na yi wa Amurka gori da ita. Nawa aka yarda su shigo a shekara? Mutum 105. A daidai lokacin kuma Japanawa kimanin dubu 120 suna tsare a sansanoni, mafi yawansu 'yan ƙasa. Majalisar dattawa ta bayyana nadama a 2011, ta wakilai a 2012, majalisar birnin San Faransisko ta nemi gafara a 2022, bayan shekarun korona da shugaban ƙasa da bakinsa ya riƙa laƙaba wa cutar sunan Sin, aka yi ta kai wa tsofaffi 'yan Asiya hari a titi. Ihu bayan hari.

Saura mutum ɗaya, wani kuku mai suna Wong Kim Ark da aka haifa a titin Sacramento cikin unguwar. Ya je Sin ziyara, ya dawo a 1895, aka hana shi sauka aka ce shi ba ɗan ƙasa ba ne. Ya yi watanni a tsare a jiragen ruwa a bakin garin da aka haife shi. Ranar 28 ga Maris, 1898, Kotun Ƙoli ta yanke, alƙalai shida a kan biyu, cewa wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne ko da iyayensa baƙi ne. Burus Li ta wannan ƙofa ya samu takardarsa, haka ma 'ya'yan 'yan Afirka da aka haifa a can, har da na manyanmu masu tura matansu haihuwa. Ranar 20 ga Janairu, 2025, a ranar farko ta komawarsa mulki, Donald Trump ya sa hannu a umarnin hana wannan haƙƙi ga 'ya'yan baƙi marasa takarda da masu zaman wucin gadi. Alƙalan tarayya suka taka masa birki cikin kwanaki, hujjarsu kuwa shari'ar wannan kuku ce ta 1898, rigimar kuma ta dangana da Kotun Ƙoli. Shi kansa Wong Kim Ark nasarar ba ta sa an ƙyale shi ba. A 1910 babban ɗansa ya iso tsibirin Angel, jami'ai suka ce amsoshinsa ba su dace da na uban ba, suka mayar da shi. A 1931 tsohon ya shiga jirgi zuwa Sin, bai sake dawowa ba.